Darasin Wannan Wata: Ɓargo, Kitse da Ƙashin Iyayenmu Mata

A watannin baya mun yi magana kan taki da iri da ajiyar hatsi. Wannan wata za mu duba ƙashin da ke ɗauke da manomin kansa. A karanta darasin a taron ƙungiya a hankali, sashe sashe. A kuma tabbata iyayenmu mata suna wurin, gama maganar tasu ce kafin ta zama ta kowa.

A wata damina da ta wuce, a wani ƙauye tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi, wata dattijuwa 'yar ƙungiyarmu ta fito da asuba za ta zaga. An yi ruwa da dare. Santsi ya kwashe ta, ta faɗi ta gefe a tsakar gida. Daga tsaye kawai ta faɗi, amma ta kasa tashi. Ɗanta ya ce, "Inna, daure ki dafa ni." Ta ce, "Ɗan nan, bar ni, ƙafar nan ba tawa ba ce." Aka kira mai ɗori ya ɗaure, aka kwantar da ita. Ta yi wata uku a kwance. Gyambo ya fito mata a baya, tari ya kama ta. Sai da aka sayar da tumaki biyu aka kai ta asibiti, hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ya karye tun ranar farko. Ta rayu, amma ba ta sake taka gona ba. Ita ce mai riƙe da kuɗin adashin mata, ita ce kuma mai renon jikoki huɗu domin uwarsu ta sami zuwa gona. Faɗuwarta ta taɓa gida duka.

Waɗansu suka ce tsufa ne, waɗansu suka ce jifa ne. Amma jikarta 'yar shekara goma takan yi irin wannan faɗuwa sau uku a yini, ta tashi tana dariya. Me ya sāke a cikin ƙashin kakar? Amsar tana cikin ɓargo.

1. Ƙashi abu ne mai rai

Yawancinmu busasshen ƙashi muka sani, irin wanda kare ke ja a juji, shi ya sa muke tsammani ƙashi kamar dutse yake. Ƙashin mai rai kuwa yana da hanyoyin jini, yana girma, in ya karye yana haɗewa. Baligi yana da ƙasusuwa 206. A cikinsu jiki ke ajiye wani sinadari mai suna kalsiyam, shi ne abin da ke sa ɓawon ƙwai tauri. Akwai wajen kilo ɗaya nasa a jikin baligi, kashi 99 cikin 100 kuwa yana cikin ƙashi da haƙora.

Ku tuna da ginin ƙasa. Bayan damina maigida yakan kankare inda katanga ta lalace, ya kwaɓa sabuwar ƙasa ya yaɓe. Muddin yaɓen ya kai abin da aka kankare, ɗakin zai ga jikoki. Haka jiki ke yi da ƙashi dare da rana. Yana da ma'aikata iri biyu, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Na fari za mu kira su masu kankarewa, na biyu kuma magina. A kowace shekara sukan sabunta wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙashin baligi.

Daga haihuwa zuwa wajen shekara 30, magina ne ke gaba. Daga nan sai a yi 'yan shekaru ana kunnen doki. Bayan haka masu kankarewa su sha gaba. Idan rata ta yi yawa, cikin ƙashi yakan zama kamar azarar da gara ta ci. Likitoci suna kiran wannan cuta ostiyoforosis, watau ƙashi mai ƙofofi. Mu za mu kira ta zaizayar ƙashi, domin tana tafiya kamar zaizayar ƙasa a bakin gulbin Gagare: ruwa yana cin gindi a ɓoye, sama kuwa tana nan kamar lafiya, sai rana ɗaya gaɓar ta rufta. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwo. Sau da yawa karaya ce sallamarta ta fari.

2. Abin da mahauci ya sani

Wanda ke so ya gani da idonsa, ya je rumfar mahauta a Kasuwar Daji ko a kasuwar Shinkafi, ya roƙi a fasa masa ƙashin ɗan maraƙi da na tsohuwar saniya. Ɓargon maraƙi ja ne. Na tsohuwa kuwa ya koma ruwan ɗorawa, maiƙo ne zalla. Mutum ma haka yake. Ɓargon jariri duka ja ne. Kafin ya kai shekara 25, yawancin ɓargon dogayen ƙasusuwan hannu da ƙafa ya zama kitse, ja ya rage a ƙashin baya da haƙarƙari da ƙirji da kwatangwalo. Wajen rabin ɓargon baligi kitse ne, kuma yana ƙaruwa da shekaru.

A jan ɓargo ake yin jini. Amma a tsakanin ƙwayoyin da ke yin jini akwai waɗansu 'yan kaɗan masu wani aiki dabam. Wani masani na ƙasar Rasha, Alexander Friedenstein, shi ya ware su a birnin Mosko cikin shekarun 1960 da 1970. Ya cire su daga ɓargon dabba, ya rene su a faranti, ya dasa su a wani wuri na jiki, sai ga shi sun yi sabon ƙashi. A 1999 masana a Amurka suka yi aiki da ɓargon mutum, suka nuna ƙwayoyin nan suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. Turawa suna ce da su sitem sel. Mu za mu ce ƙwayoyin asali, gama daga cikinsu magina ke fitowa.

3. Yaro ɗaya, sana'a biyu

Nan ne zuciyar darasinmu, a saurara da kyau. Ƙwayar asali kamar yaro ce wanda bai kama sana'a ba tukuna. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya zama magini ya hau katanga, ko kuwa ya zama ma'ajin kitse, ya zauna a cikin ɓargo ya kumbura. Yaran nan ƙidayayyu ne. Duk wanda ya bi hanyar kitse, an rasa magini ɗaya ke nan. Kun san yadda gayya ke zama idan rabin samarin gari sun tafi ci-rani: gonar tana nan yadda take, hannuwa ne suka ragu.

A cikin kowace ƙwaya akwai mabuɗi biyu masu gāba da juna. Domin malaman asibiti da ke cikinmu, sunan na fari Runx2, shi ke buɗe hanyar gini. Na biyu PPAR-gamma, shi ke buɗe hanyar kitse. In ɗaya ya yi ƙarfi, yakan danne ɗan'uwansa.

Tun a 1971 wani likita a birnin Lyon ta Faransa, Pierre Meunier, ya duba guntayen ƙashin kwatangwalo guda 84 da aka ɗebo daga mutane. Ya tarar inda ƙashi ya zaizaye, nan kitse ya cika ɓargo. Daga baya na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki suka tabbatar da haka ga mutane masu yawa. Gwaji a kan ɓeraye kuma ya nuna ƙwayoyin da suka kama hanyar kitse suna fitar da wani sinadari mai zuga masu kankarewa. Ashe hasarar biyu ce: magina sun ragu, masu kankarewa sun sami mai zuga su.

A lura da abu ɗaya. Kitsen ɓargo dabam yake da kitsen ciki ko na cinya. Ba a gane shi da kallo. Siririyar mace wadda ake ƙirga haƙarƙarinta tana iya zama da ɓargo cike da kitse, hasali ma ramammu sun fi shiga haɗarin karayar kwatangwalo. Daina cin man gyaɗa ko man shanu ba zai kore shi ba.

4. Sa'ad da al'ada ta ɗauke

Me ya sa abin ya fi auka wa mata? A gefen mahaifa akwai gidan ƙwai guda biyu. Muddin mace tana ganin al'ada, suna zuba wani sinadari cikin jini mai suna istirojin. Yana yi wa ƙashi aiki biyu. Yana riƙe linzamin masu kankarewa, yana kuma karkata ƙwayoyin asali zuwa hanyar gini. Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke wa yawancin mata, istirojin ya faɗi ƙasa warwas. Sai linzami ya tsinke. Masu kankarewa su yi yawa, magina su kasa cim musu, kitse kuma ya yi ta cika gurbi. Cikin shekara goma da ke kewaye da ɗaukewar al'ada, mace takan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙashin bayanta, waɗansu ma fiye.

Likitan da ya fara haɗa waɗannan abubuwa biyu shi ne Fuller Albright na birnin Boston a Amurka. A 1941 ya bayyana cewa kusan dukan masu wannan cuta da suka zo hannunsa mata ne da suka daina al'ada. A 2008 kuma likitocin asibitin Mayo, can a Amurka, suka duba ƙashin tsofaffin mata masu zaizaya. Waɗanda aka ba istirojin shekara guda, kitsen ɓargonsu ya ragu. Waɗanda ba a ba su ba, nasu ya ƙaru.

Macen da al'ada ta ɗauke mata kafin shekara 45, ko wadda aka cire wa gidan ƙwai biyun a tiyata, ta fi sauran shiga haɗari. Haka ma wadda uwarta ko ubanta ya taɓa karyewa a kwatangwalo.

A lissafin duniya, mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta sami karaya ta dalilin zaizaya, namiji kuwa ɗaya cikin biyar. Maza, kun ji ba ku tsira ba. Cikin tsofaffin da suka karye a kwatangwalo, wajen ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara, ko a ƙasashen da asibiti ke kusa. An daɗe ana cewa wannan cutar Turawa ce. Gaskiya ne karayar kwatangwalo ta fi yawa a Turai. Amma cikin shekarun 1990 masu bincike a ƙauyukan ƙasar Gambiya sun auna tsofaffin mata manoma irin namu, suka sami ƙashinsu da ƙarancin sinadari ƙwarai. Gwargwadon yadda mutanenmu ke ƙara tsawon rai, haka karayar tsofaffi za ta ƙara bayyana a cikinmu.

5. Abubuwan da ke tura yaro hanyar kitse

Ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, kuma ba mai hana ta. Amma akwai abubuwa huɗu da ke ƙara mata gudu, waɗannan kuwa suna hannunmu.

*Na fari, ƙwayar sa ƙiba.* Kowa ya san ƙananan ƙwayoyin nan da waɗansu ke kira sha-ka-fashe. Yawancinsu deksametason ne ko firednisolon. 'Yan mata suna sha don su yi jiki kafin biki. Tsofaffi suna sha don ciwon gwiwa da na baya, gama takan kwantar da ciwo nan da nan. Masu tallar magani ma sukan haɗa ta cikin ƙullin da suke sayarwa ba suna. Ƙwayar nan tana tura ƙwayoyin asali hanyar kitse kai tsaye, tana kashe magina, tana kuma hana hanji tsotsar kalsiyam. Wata uku na sha kullum ya isa ya ƙara haɗarin karaya. Alamar mai shanta ita ce fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu kuwa su sirance. Tsohuwar da ke shanta don ciwon baya tana iya zama ƙashin bayan ne ya fara ruftawa, maganin kuma yana ƙara cin sa. Amma ga gargaɗi: wanda ya daɗe yana sha, kada ya bari rana ɗaya, gama hakan na iya kisa. Ya je asibiti a rage masa sannu sannu. Wanda likita ya rubuta masa ita saboda asma ko wata cuta, ya ci gaba, ya dai tambayi likitan yadda zai kāre ƙashinsa.

*Na biyu, zama da kwanciya.* Ƙashi yana jin nauyin da aka ɗora masa, nauyin nan ne kuwa ke kiran magina. 'Yan sama jannati, da yake babu nauyi a can, sukan rasa wajen kashi ɗaya cikin 100 na ƙashin kwatangwalo kowane wata. An gwada ɓerayen da ke gudu kullum da waɗanda ke zaune, aka sami kitsen ɓargon masu gudu ya fi ƙanƙanta. Saboda haka ɗan da ya ce, "Inna, kin gama wahala, zauna a ɗaki," niyyarsa mai kyau ce, amma yana iya cutar da ita. Tafiya kasuwa, zuwa gona da ƙafa, shara, ɗan daka, duka abincin ƙashi ne. Abin da za a ɗauke mata shi ne sunkuyawa ta ɗaga kaya mai nauyi, kamar buhu ko babbar jarka, musamman in bayanta ya fara ranƙwafawa.

*Na uku, yunwa.* Abin mamaki, jikin da ke fama da doguwar yunwa yana ƙone kitsen da ke ƙarƙashin fata, amma na cikin ɓargo ƙaruwa yake yi, gini kuma ya tsaya. A gidajenmu da yawa tsohuwa ce ke ci a ƙarshe, ta kuma raba ɗan nata da jikoki.

*Na huɗu, taba da giya.* Sigari da burkutu mai yawa duka suna raunana magina, maye kuma yana kawo faɗuwa. Akwai kuma wani maganin ciwon sukari mai suna fiyogilitazon, wanda ke murɗa mabuɗin kitse da muka ambata. Macen da ta daina al'ada, in an ba ta shi, ta tuna wa likita batun ƙashinta.

6. Rumbun da ake cikawa tun ƙuruciya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙashi rumbu ne, ana cika shi daga yarinta zuwa wajen shekara 30, daga nan sai ɗiba. Shekarun da aka fi zuba masa su ne na tasowar budurwa. Mata biyu suna iya rasa kashi 10 daidai wa daida bayan al'ada, mai cikakken rumbu ta wuce lafiya, mai rabin rumbu ta karye.

Shi ya sa labarin yaranmu ya shiga wannan darasi. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Rashin tsaro ya raba mutane da gonaki, satar shanu kuma ta sa nono ya yi wuyar samu. Yarinyar da ta tashi a haka, ita ce tsohuwar da za a ɗauka a amalanke nan da shekara sittin, in ba mu yi wani abu yau ba.

A Jos, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun bincika yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe. A 1999 suka bayyana cewa babban dalili shi ne ƙarancin kalsiyam a abinci: yaran suna samun wajen miligiram 200 kawai a yini. Da aka ba su kalsiyam, ƙasusuwan suka warke. Tuwon gero da na dawa suna ba da ƙarfin aiki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne.

Mai shayarwa ma daga rumbun nan take ɗiba, miligiram 200 zuwa 300 kowace rana, ta zuba a nono. Wannan ba abin tsoro ba ne, gama bayan yaye jiki yakan mayar. Sai dai yana bukatar abinci da tazara tsakanin haihuwa, balle ga yarinyar da ta haihu alhali ita kanta ba ta gama girma ba.

Rumbun nan yana ajiye mugun abu ma. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a yankin Anka da Bukkuyum, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Fiye da kashi tara cikin goma na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take ɓuya, shekara da shekaru. Lokacin ciki, da shayarwa, da bayan ɗaukewar al'ada, sa'ad da ake kankarar ƙashi da yawa, sai ta sake fitowa cikin jini. Duk mai zuwa haƙar zinariya, kada ya kawo dutsen ko ƙurarsa gida.

7. Abin da ke gonarmu

Macen da ta wuce 50 tana bukatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini. Ga inda za a same shi ba sai an je kanti ba:

(a) Nono da kindirmo da madara. Kofi guda na kwata lita yana da wajen miligiram 300. Wadda ba ta da saniya, nonon akuya ma haka yake.

(b) Kuka. Busasshen ganyen kuka yana cikin abinci mafi yawan kalsiyam a ƙasarmu. A shanya shi a inuwa, a sa da yawa a miya.

(c) Zogale, da lalo, da rama. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya haɗa kalsiyam da abin gina jiki.

(d) Riɗi, musamman wanda ba a cire wa ɓawo ba.

(e) Ƙananan busassun kifi. A daka su da ƙayarsu, gama a ƙayar amfanin yake.

(f) Wake da gyaɗa da ƙwai. Ƙashi ba kalsiyam kaɗai ba ne. Kamar yadda magini ke haɗa ƙasa da ramno, haka jiki ke haɗa kalsiyam da abin gina jiki.

Jiƙa hatsi ya kwana, da barin kamu ya yi tsami kamar yadda ake yi wa koko, yana taimakon jiki ya tsotsi abin da ke ciki. Rana ma tana da aikinta: in ta taɓa fata, jiki yakan yi bitamin D, wanda in babu shi kalsiyam ba ya shiga jini sosai. Tsohuwar da ke wuni a ɗaki, a fito da ita hantsi kullum. Romon ƙashi da ɓargo kuwa suna da daɗi, amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin romo kaɗan ne. Shan ɓargon saniya ba ya gyara ɓargon mutum.

8. Alamu, da abin yi in an faɗi

A kai mace asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ta karye daga faɗuwar tsaye, tsawonta ya ragu da wajen santimita 4 daga yadda take a da, bayanta ya fara doro, ko ciwon baya mai tsanani ya kama ta farat ɗaya bayan ta sunkuya ko ta yi tari. Karayar wuyan hannu ga mace 'yar 55 gargaɗi ne, kada a ɗaure a manta.

In tsohuwa ta faɗi ta kasa tsayawa, ana jin ciwo a matsematsi, ƙafar ta gajarce ta kuma juya waje, a ɗauka kwatangwalo ne. Kada a ja ƙafar, kada a murza. A shimfiɗe ta bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai ta babban asibitin Ƙauran Namoda ko na Shinkafi ko na Zurmi a ranar. Daga nan za a tura ta inda ake aikin ƙashi, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba mu raina masu ɗori ba, sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma wuyan ƙashin cinya yana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, kara da tsumma ba sa kai masa. Abin da ke kashe tsohuwa kuwa shi ne doguwar kwanciya. Aikin tiyata yana ta da ita zaune cikin 'yan kwanaki.

9. Maganin gaskiya da na cin kuɗi

Akwai magani. Wanda aka fi sani shi ne alendironet, ana amfani da shi tun 1995. Ƙwaya ɗaya ce a mako, yana rage gudun masu kankarewa, yana kuma rage karayar ƙashin baya da wajen rabi ga masu cutar. Ana shan sa da safe kafin a ci kome, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe rabin sa'a ba kwanciya. Likita ne ke rubuta shi. Istirojin ma yana kāre ƙashi, amma wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2002 cewa haɗinsa da wani sinadari yana ƙara haɗarin daskarewar jini da ciwon dajin nono ga waɗansu mata. Ba abin saye a kasuwa ba ne.

Yanzu kuma 'yan talla sun shigo da gari a leda da ruwa a kwalba, suna cewa maganin sitem sel ne mai sabunta jiki, kuɗinsa kuwa ya kai na buhun gero. Kun riga kun san amsa. Ƙwayar asali abu ce mai rai a cikin ɓargonku. Abin da aka haɗiya, ciki ne ke narkar da shi kamar tuwo. Masana suna kan neman hanyar juya ƙwayoyin nan su koma gini, amma har yanzu babu allura ko garin sitem sel da aka amince da shi don zaizayar ƙashi. Kuɗin nan a sayi akuya da shi.

10. Aikin ƙungiya kafin taro na gaba

1. A sami bango mai kyau a wurin taro, a auna tsawon kowace mace da ta kai 45, a rubuta a littafi. A maimaita kowace kaka. Wadda ta ragu da santimita 2 tsakanin awo da awo, a raka ta asibiti.

2. Kowane gida ya dasa zogale biyar a bayan ɗaki. Kada a sare kuka.

3. A rancen akuya na ƙungiya, a sa gwauraye mata da tsofaffi masu riƙon jikoki a gaba, nonon kuma a fara ba yara da tsohuwa kafin a kai kasuwa.

4. Samari su zaga gidajen tsofaffi kafin ruwa ya sauka. Su zuba tsakuwa a makewayi da bakin rijiya, su kafa sandar dafawa, su rage tsayin dokin ƙofa, su ga akwai tocila kusa da shimfiɗa. Wadda idonta ya yi yana, a kai ta a duba.

5. Shugabar mata ta roƙi kowa ya kawo ƙullin magungunan da yake sha kullum, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

6. A ware wani abu daga asusu don kuɗin mota, domin kada a sake jiran sayar da tumaki.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Tsofaffi nawa ne a garinmu suka karye cikin shekara biyar da suka wuce? Ina aka kai su, yaya suka ƙare?

2. A gidanmu wa ke ci a ƙarshe? Wa ke shan nonon da ake tatsa?

3. Me ke sa 'yan matanmu neman ƙiba da ƙwaya, me iyaye da masu neman aure za su iya yi a kai?

4. Wane aiki ya kamata a bar wa Inna, wanne ya kamata a karɓe mata?

Sakataren kowace ƙungiya ya rubuto mana amsoshin da aka bayar da yawan matan da aka auna. Za mu buga abin da kuka aiko a fitowa ta gaba. A gaida mana iyayenmu mata.